Harafi Ɗaya a Jikin Tikitin Baba

Sana'ata sayar da kayan sola ce a Sabon Gari, kuma kafin korona nakan je Guangzhou sau biyu a shekara, lokacin baje kolin Canton na Afrilu da na Oktoba. Duk mai yawan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya san tsarin tara maki: Ethiopian na da ShebaMiles, Saudia na da Alfursan, EgyptAir na da nasa, Qatar kuma ta koma lissafi da makin da ake kira Avios a 2022. Rajista kyauta ce. A ba ka lamba, duk tafiyar da ka yi a zuba maka maki gwargwadon nisa da irin tikitin da ka saya. Ni kamfani ɗaya na riƙe, ban rarraba ƙafa ba. Lokacin korona sun yi ta ƙara wa'adin makin don kada ya ƙone, da Sin ta buɗe ƙofa a 2023 na koma na ƙara a kai. Zuwa watan Satumba na shekarar ina da maki 58,000 da 'yan kai, kuma kusan rabinsu za su ƙone a ƙarshen Disamba.

Ban taɓa kashe ko ɗaya a kaina ba. A kujerar baya nake zuwa, a ita nake dawowa, jikina yana ɗauka. Amma Baba ya kai shekara huɗu yana sallah a kan kujera. Gwiwarsa ta dama ta cinye, idan zai tashi sai ya dafa bango ya yi salati sau biyu kafin ƙafar ta yarda ta miƙe. Likitocin ƙashi suka ce sai an canza gwiwar. Muka zauna da yayyena muka yanke Delhi, don akwai ɗan uwanmu da aka yi wa irin aikin a can, ya san masauki da hanyar asibiti. Tun a zaman na ce a bar mini maganar dawowa. Zuwa Baba zai iya daurewa, amma mutumin da aka tsaga masa gwiwa ba zai yi awa bakwai da ƙafa a lanƙwashe ba. Na ce makina ya isa in mayar da shi sashen bizines, inda kujera ke kwanciya.

Da wannan tabbaci na shiga neman tikiti, sai na tarar da abin da duk matafiyi ya tarar a shekarar. Kamfanonin jiragen waje sun sayar da tikiti da naira amma sun kasa samun dalar da za su fitar. A watan Yuni na 2023 ƙungiyarsu ta duniya, IATA, ta ce kuɗinsu da ya maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800, babu ƙasar da ta kai haka. A watan ne kuma Babban Banki ya saki naira, farashin dala ya yi sama. Yawancin kamfanonin sun riga sun rufe ƙananan farashinsu ga mai saye daga Najeriya, sun bar masu tsada. Shi ya sa mutane suka koma shafukan intanet na waje masu dillancin tikiti, inda jirgi ɗaya, rana ɗaya, za ka ga farashin da ba za ka gani a gida ba. Wani abokina a kasuwa ya nuna mini ɗaya. Kamfanin da nake bi ne, jirginsa ne, ranakun da nake so ne, kuma ragin ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Katin naira ba ya aiki a shafukan waje a lokacin, don haka na je Wapa na sayi dala, na zuba a asusuna na dala, da daddare na biya na mutum biyu, zuwa da dawowa. A zuciyata na ce tunda jirginsu ne, makina kuma nasu ne, sauran danna maɓalli kawai.

Imel ya shigo da wata lamba mai tsawo. Na kwafa na saka a shafin kamfanin jirgin, ya ce bai san wannan bukin ɗin ba. Na sake, haka. Na kwana da fargabar ko an damfare ni. Sai washegari da la'asar imel na biyu ya zo, a can ƙasansa, da ƙananan rubutu, na ga wata lamba mai haruffa da alƙaluma shida, da wata mai alƙaluma 13 a gaban sunan kowannenmu. Ashe ta farkon lambar cinikin shafin ce, tasu ce su kaɗai. Mai shidan ita ce lambar bukin da kamfanin jirgi ya sani, mai 13 kuma ita ce tikitin kansa. Da na saka mai shidan, tafiyarmu ta fito, zango huɗu: Kano zuwa inda za mu canja jirgi, can zuwa Delhi, da makamancinsa a dawowa.

Na nemi in haɗa lambata ta maki da bukin ɗin, ya ƙi. Dalilin ya ɗauke ni kwana biyu kafin in gano. Lokacin da na yi rajista na rubuta Muhammad, fasfona kuma Mohammed ne a jiki, kuma da na fasfo na sayi tikiti. Na san mutanenmu da yawa suna da wannan matsalar, don sunayenmu kowane ofishi da yadda yake rubuta su: Abdullahi da Abdallah, Usman da Uthman, wani ma sunan uba ya koma gaba. Na tura hoton shafin fasfo, suka gyara. Sannan na saka sunan Baba cikin waɗanda na yarda a kashe musu makina, shi ma harafi da harafi kamar yadda yake a fasfonsa.

Bayan duk wannan, wurin da ake danna ɗaga tikiti zuwa bizines ya fito amma a dushe, ba ya dannuwa. Na kira layin kamfanin. Wadda ta ɗauka ta karɓi lambar tikitin Baba, ta yi shiru kaɗan, ta ce makina ya isa, amma tikitin yana kan harafin da ba a ɗagawa. Na ce wane harafi? Ta ce T. Na ce to a canza shi in biya ciko. Ta ce ba su suka yanka tikitin ba, in koma wajen wanda ya sayar mini. Cikin ladabi ta yi maganar, amma na ajiye waya ban fahimci komai ba sai cewa alkawarin da na yi a gaban yayyena yana neman kuɓuce mini.

Baba ne ya ce in je wajen wani amininsa, tsohon ejan tikiti da ke da ofishi a wajen titin Murtala Mohammed, wanda ya yi shekaru yana shirya wa mutane tafiyar Umara. Na ji nauyin zuwa, don ban saya a wajensa ba. Na same shi bayan azahar, na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi jikin Baba, sannan na miƙa masa takardun da na buga. Ya gyara tabarau ya duba inda aka yanka tikitin. Ya ce, "Ɗan nan, arha ba ta ado. Amma zauna, ba a kai ga asara ba tukuna."

Ya juyo da kwamfutarsa in gani. Babu hoto, babu launi, layuka ne kawai na haruffa da alƙaluma. Ya buga ranar dawowarmu, jirgin Delhi ya fito, a gabansa jeri kamar haka: J4 C4 D2, sannan Y9 B9 M9, har zuwa can ƙarshe inda alƙaluman suka koma sifili. Ya sa bakin biro a kan gilashin yana bi. Ya ce kujerun baya duk iri ɗaya ne, abinci ɗaya, amma kamfani yana kasa su kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa. Alƙalamin da ke gaban harafi shi ne yawan kujerun da suka rage a wannan farashin, kuma ba ya wuce 9 ko da sun fi haka. Y kusan ko'ina cikakken farashin kujerar baya ne, J ko C na bizines, F na sashen farko. Sauran kowane kamfani da yadda ya jera nasa. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana da damar canza rana kyauta, a mayar masa da kuɗinsa, a ɗaga shi da maki, ɗayan ba shi da ko ɗaya. Shafukan dillanci suna gasar wa zai nuna mafi ƙarancin farashi, don haka harafin ƙarshe suke ɗauko maka, kuma da yawansu ba sa nuna maka harafin sai ka biya.

Ya ce in karanto masa alƙaluma uku na farkon lambar tikitin. Na karanta. Ya ce madalla. Waɗannan ukun su ke nuna kamfanin da tikitin yake nasa: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 065 Saudia, 157 Qatar, 235 Turkish. Ya ce sau da yawa shafi zai sayar maka da kujera a jirgin kamfanin da ka sani, amma a kan takardar wani kamfanin da suke haɗin gwiwa, ko lambar jirgin ta wannan ce amma jirgin da zai tashi na wancan ne. In haka ta faru, makinka ba lallai ya yi aiki ba. Akwai tsarin ɗagawa tsakanin kamfanonin ƙawance ɗaya, kamar na Star Alliance, amma shi galibi Y ko B yake nema, wato mafi tsadar kujerun baya, waɗanda ɗan kasuwa irina ba ya saye. Namu dai kamfani ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma takardarsa ce.

Sannan ya duba gurbin da ake rubuta kuɗin tikiti. Ya ce da ya ga IT ko BT a wurin maimakon adadin kuɗi, da ya ce in haƙura. Wannan alama ce ta farashin sari, wanda kamfani ke ba manyan dillalai a ɓoye su sayar yadda suka ga dama, kuma irinsa sau da yawa ba a ɗagawa, wani ma ko maki ba ya kawowa. Namu adadin kuɗi ne a rubuce, farashi ne na fili. Matsalarmu harafi ce kaɗai, ita kuma ana iya sayen na sama da ita.

Na ce, "To Alhaji, ka canza mana mana."

Ya girgiza kai. Ya ce ba zai iya taɓa shi ba. Ejan-ejan na duniya galibi suna aiki ne ta manyan na'urori uku, Amadeus da Sabre da Travelport, kuma bukin na ofishin da ya buɗe shi ne. Shafin da na saya ejan ne kamarsa, sai dai ba shi da ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Shi ya sa matar ta ce in koma wajensu. Amma ya ba ni shawara biyu da suka cece ni. Ta farko, kada in biya ko kwabo na canjin harafi sai na tabbatar akwai gurbin maki a jirgin. Kujera a bizines ta zama babu kowa ba ya nufin za a ba mai maki. Akwai wani kaso daban da ake warewa, a kamfanonin Star Alliance harafinsa I ne, kuma ba kowane kamfani ke nuna wa ejan shi ba, sai an kira an tambaya. Ta biyu, ya ce in dakata. "Wa ya ce maka ranar da ka saya ita ce ranar da likita zai sake shi? Za ka canza rana ko ka so ko ka ƙi. Ka haɗa canjin rana da canjin harafi, ka biya tara sau ɗaya."

Haka muka tafi a kan harafin T. Na nema wa Baba keken marasa lafiya tun daga Kano, na samo masa kujerar gefen hanya ta yadda ƙafar dama za ta samu miƙewa kaɗan. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, amma na ga yadda yake damƙe hannun kujera duk lokacin da keken abinci ya zo wucewa dole ya janye ƙafar.

Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi. Kwana ɗaya da yi suka tashe shi tsaye da ƙarfen dogarawa. Sai dai kamar yadda Alhaji ya faɗa, likita ya ce ba zai sa hannu a tafiya mai nisa ba sai an ƙara mako biyu a kan ranarmu, saboda tsoron daskarewar jini a jijiyar ƙafa, abin da dogon zama ke jawowa bayan irin wannan aikin. Ya ce ko an tashi tafiyar, ya sa safa mai matse ƙafa, ya sha maganin da aka ba shi, ya riƙa motsa ƙafar, in da hali a ɗaga ta.

A ɗakin masaukinmu, Baba yana atisayen lanƙwasa gwiwa da tawul, ni ina kan waya. Na fara da kamfanin jirgin. Na ce ba canji nake nema ba, tambaya ce: cikin wannan makon, wace rana ce ke da gurbin ɗagawa da maki na mutum ɗaya daga Delhi? Mutumin ya bi ranakun ɗaya bayan ɗaya. Juma'a babu, Asabar babu, Lahadi babu. Talata akwai guda biyu a zangon farko, mai tsawon. Zango na biyu zuwa Kano babu a kowace rana, sai dai jerin jira. Na tambayi harafi mafi arha da tsarinsu ke yarda a ɗaga, ya faɗa mini, na rubuta a bayan takardar magani. Ya ƙara da cewa ba zai iya riƙe mini gurbin ba, wanda ya riga shi ne da shi.

Daga nan na koma shafin da na saya, kuma kwana ukun da suka biyo baya su ne mafi wuya a tafiyar in ka cire ranar aikin. Babu lambar waya sai akwatin hira. Na'ura ce ke fara amsawa, sai ka yi ta nacewa kafin mutum ya shigo, kuma duk wanda ya shigo sabo ne, sai ka faro labarin daga tushe. Na rubuta musu a fili: ranar Talata, fasinja ɗaya a mayar da shi harafi kaza, ɗayan a bar shi a mafi arha. Suka turo farashin canjin rana na mutum biyu a harafin ƙasa, da tarar kamfani, da ladan aikinsu a kai. Na sake bayani. Wani ya ce ba sa zaɓen harafi, abin da na'urarsu ta fitar shi ne. Wata ta ce za ta tura wa sashen da ke yi, in jira awa 48. Kowace safiya ina kiran kamfanin jirgin in ji ko gurbin Talata yana nan. Rana ta biyu ya koma ɗaya.

Ban ce duk shafukan haka suke ba, kuma na san mai sayar da dubban tikiti a rana da riba ƙanƙanuwa bai shirya wa buƙata irin tawa ba. Amma wanda ya karɓi kuɗinka ya riƙe ikon tikitinka, ya kamata a ce akwai mutum ɗaya da zai saurare ka har ƙarshen magana. Da dare Baba ya ga ina ta juyi, ya ce, "Abba, in abin nan zai wahalar da kai ka bar shi. Yadda muka zo haka za mu koma." Na ce, "Baba, ka bar ni in gwada gobe kawai."

Na kira Alhaji ta WhatsApp. Ya ce tunda mun riga mun yi amfani da rabin tikitin, in je ofishin kamfanin na cikin gari da ƙafata, in tafi da takardar likita. Ya ce wasu kamfanonin suna karɓar tikitin ejan su sake yanka shi da kansu idan tafiya ta fara, sai dai za su caji ladan aiki. Ya ce in faɗa musu tun farko a raba bukin ɗin biyu, don ba a canza wa mutum ɗaya harafi alhali yana haɗe da wani.

Na isa kafin su buɗe. Ma'aikaciyar da na samu dattijuwa ce, ta karanta takardar likitan har ƙarshe kafin ta taɓa kwamfuta. Ta ce za ta iya, ta lissafa mini a takarda: tarar canjin rana ta kowannenmu, cikon farashi daga T zuwa harafin da ake buƙata na Baba shi kaɗai a zangon dawowa, da ladan karɓar tikitin da ba su suka yanka ba. Kafin in miƙa kati na roƙe ta ta sake duba gurbin Talata. Ta duba, yana nan. Ta raba mu, Baba ya samu sabuwar lambar bukin, ta yanka masa sabon tikiti mai sabbin alƙaluma 13. Ta ce in buɗe manhajar a wayata. Wurin nan da ya yi wata biyu a dushe ya yi haske. Hannuna yana rawa na danna, na ga makin ya ragu, na ga harafin zangon farko ya canza, an rubuta an tabbatar. Na zaɓar masa kujerar gefen hanya a layi na biyu. Ragowar makin ya isa zango na biyu da ƙyar, ta saka shi a jerin jira.

Har na miƙe ta ce in zauna. Ta ce idan aka canza rana ko harafi, buƙatun da aka liƙa wa tsohon zangon sukan faɗi, kuma keken Baba ya faɗi. Ta tambaye ni ko zai iya hawa matakala. Na ce a'a. Ta ce to ba WCHR za ta saka ba, wannan na mai iya hawan matakala ne da kansa, WCHS za ta saka, don in jirgi ya tsaya nesa da gini a kawo motar da ke ɗaga mutum har ƙofa. Ta rubuta a bukin ɗin kowannenmu cewa tare muke tafiya, tunda yanzu na'ura ba ta san haka ba. Ta kuma ba ni fom ɗin lafiya da ake kira MEDIF, likitan Baba ya cike a mayar musu kafin ranar. Da ban je da kaina ba, babu abin da zai sanar da ni waɗannan sai mun isa filin jirgi.

A motar komawa na yi lissafi. Abin da na rage a tikitin Baba ranar da na saya ya tafi gaba ɗaya, har na ɗora kaɗan a kai. Da tun farko na saya masa harafin da ya dace a wajen kamfanin ko a wajen Alhaji, da kusan haka zan kashe, ba tare da kwana ukun nan ba. Nawa tikitin kuwa ragin ya tsaya, sai dai makin da ya kawo mini kaɗan ne ƙwarai, don harafin ƙasa ɗan kaso kawai ake ba shi na nisan tafiyar. Shi ma na Baba, da yana da lambar maki, a kan harafin da aka biya kuɗi za a lissafa masa, ba a kan kujerar da ya zauna ba. Har yanzu idan ni kaɗai ne, lafiyata ƙalau, ranata tabbatacciya, ina leƙa irin waɗannan shafukan. Amma ban ƙara biya ba sai na ga harafin da idona, na ga wane kamfani ne zai tashi da jirgin. Wanda bai nuna ba, na bar shi. Idan kuwa da tsoho ne ko mara lafiya, wajen mutumin da zan iya zama a gabansa nake zuwa.

Ranar Talata muka isa filin jirgin Indira Gandhi da wuri. A can ba a shiga ginin sai jami'in tsaro ya ga tikiti da fasfo a ƙofa, na nuna masa takardu biyu masu lambobi daban-daban. A kantar bizines suka karɓe mu tare saboda rubutun da dattijuwar ta yi. Kayan Baba suka samu jaka biyu masu kilo 32 maimakon 23, ƙarfen dogarawarsa da magunguna suka shige ba gardama. Na tambayi zango na biyu, aka ce yana jira.

Mu aka fara shigarwa. Na raka shi har kujerarsa, ma'aikaciyar jirgin ta nuna mana maɓallan. Na danna na ƙafa, matashin ya taso a hankali har ƙafar dama ta miƙe sambal, safar nan fara tana leƙowa ƙarƙashin wandonsa. Na sa filo ƙarƙashin dunduniyar kamar yadda mai gashin ƙashi ya koya mana, ban sa a ƙarƙashin gwiwar ba. Baba ya shafa hannun kujerar, ya dube ni, ya ce, "Kai kuma ina za ka zauna?" Na ce ina baya kaɗan. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ce amin, na wuce layi na 31.

Sau biyu na leƙo cikin dare, ma'aikaciyar tana ɗaga mini labule. Na farko yana motsa yatsun ƙafa yana jan carbi. Na biyu ya yi barci, bargo har ƙirji, ƙafar a miƙe.

Zango na biyu bai samu ba. A ƙofar shiga jirgin Kano na tambaya, aka ce bizines ya cika da masu biyan kuɗi. Kujerar ƙofar gaggawa mai faɗi ba a ba mara lafiya, doka ce, amma suka ba mu layin farko na sashen baya, inda babu kujera a gabanka sai bango, shi a gefen hanya ni a kusa da shi. Ƙafar ba ta miƙe duka ba. Duk bayan awa ɗaya nakan tashe shi mu taka zuwa labule mu dawo, hannunsa a kafaɗata. Da muka fara sauka, hazon hunturu ya rufe gari, sai da muka yi ƙasa sosai rufin kwano ya fara bayyana. Muka jira kowa ya fita, mai keken ya shigo yana ce wa Baba sannu da hanya da Hausa. Makin zango na biyu ya dawo asusuna bayan kwana huɗu, saura mako biyu ya ƙone, na yanka wa Yaya tikitin da za ta raka shi ganin likita a watan Maris, na cika sauran da kuɗi.